Tattasan da Muka Cinye a Sadakar Baba

Surukina ya koma ga Mai shi a tsakiyar bazarar bana, da hantsi, yana zaune a gindin katanga da butarsa a gefe. Allah ya jiƙansa, ya sanyaya makwancinsa, ya ba shi hutun da bai samu a nan ba. A nan dai bai huta ba, bai kuma bar kowa ya huta ba.

Na san ba haka ake buɗe ta'aziyya ba. Amma tun ranar da aka kai shi nake zaune cikin mata ina jin ana yabon wani mutum da ban taɓa gani ba. Wannan ta ce, "Bawan Allah, ba ruwansa da kowa." Waccan ta ce, "Ko murya ba ya ɗagawa." Wata tsohuwa 'yar garinsu, wadda yanzu take zaune a Asaga tare da sauran waɗanda rikici ya kora, ta ce tunda take ba ta ga mai haƙuri irinsa ba. Ni da na zauna da shi gida ɗaya shekara da shekaru sai in sunkuyar da kai in ce "Haka ne," alhali ji nake kamar in yi ihu. Baba da ruwansa da kowa. Muryarsa daga zaure ake jinta har bayan madafa. Haƙurinsa kuwa na shuka ne, ɗan Adam bai cika samu ba. Ina son a tuna shi yadda yake, don wancan salihin da ake ta yabo ba zai yi wata biyu a ran kowa ba.

Ni 'yar Damagaram ce. Aikin koyarwa ya kawo ni Diffa, aure ya zaunar da ni. Dangin mijina Barebari ne, manoman tattasai daga wani ƙauye a bakin kogin Komadugu, gaba da Geskeru. Baba da matarsa, wadda muke kira Inna, a gidanmu suka sauka lokacin da aka tashi garinsu, da niyyar wata ɗaya ko biyu. A nan ajali ya same shi.

Ranar sadakar uku aka yi abin da ya sa nake wannan rubutu da ɓacin rai. Goggo, ƙanwar marigayin, ita ta karɓe madafa tun ranar farko. Ta kore ni, wai matar ɗa wurin surukarta ya kamata ta zauna ta taya ta amsa gaisuwa. Na zauna kusa da Inna, ana ta "Ya haƙuri?" muna ta "Da godiya." Da azahar aka shigo da shinkafa da miya. Tsohuwar nan ta Asaga ta kai loma ɗaya, ta kai ta biyu, sai ta tsaya da hannu a sama. Ta shinshina yatsunta, sai hawaye.

"Wannan tattasan garinmu ne," ta ce. "Wallahi shi ne. Rabona da shi tun da muka fito."

Mata suka shiga ɗanɗanawa suna jinjina kai. A waje ma, inda maza ke zaune a rumfa, an ce wani dattijo ya ajiye cokali ya rufe fuska da hannun riga. Kowa na cewa albarkar mamaci ce. Ni kuwa na san wuri ɗaya ne a duk Diffa da ake samun wannan tattasan. Na tashi ba ko takalmi na nufi ɗakin Baba. Igiyar da ke rataye a jikin azara tana nan, amma ba komai a jikinta.

Na sami Goggo a madafa tana kwashe tuwon yamma.

"Goggo, tattasan da ke ɗakin Baba fa?"

"Na sa an daka. Mi ya faru?"

"Duka?"

"To, mutane nawa kika gani a waje? Ai nashi ne, sadakarshi ce. Wa ya fi shi cancanta?"

"Goggo, iri ne!"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Iri? Kasuwa cike take da iri. 'Yan furoje masu tallafin noma ma suna rabawa kyauta cikin leda. Ke ana makokin mutum kina makokin kayan miya?"

Na juya na fita. Ihu bayan hari ne, kuma ba a ja da ƙanwar mamaci ranar uku.

Bari in faɗi abin da aka cinye, don wanda bai sani ba zai ɗauki maganar Goggo. Tattasan garin su Baba mai kauri ne, ja har ya yi duhu, ba shi da zafin a-zo-a-gani, amma ƙamshinsa sai ka ce an ɗan soya shi tun a gona. Kakanninsa suka yi ta zaɓensa shekara bayan shekara. 'Ya'yan fari mafi kyau ba a kai su kasuwa, sai a zura su a igiya a rataye a inuwa. Ranar da tashin hankali ya iso garinsu, aka ce kowa ya fita da abin da hannunsa zai ɗauka. Inna ta ɗora wa Baba ƙullin kwanukanta na aure, waɗanda mahaifiyarta ta ba ta. Da suka iso gidanmu ta tambayi ƙullin, ya ce ya yi masa nauyi, ya ajiye shi gindin wata tsamiya a hanya. Sannan ya ɗaga riga, ga igiyar tattasai ya naɗe a ƙugu, ko ɗaya bai fashe ba. Inna ba ta yafe wannan ba. Duk zamansu da mu ba ta taɓa zuba wa garkar tattasan da ya yi a gidanmu ko moɗa ɗaya ba, in ta bi ta wajen ma kau da kai take yi.

Shi kuma irin tattasai ba ya jiran kowa. In ya daɗe a ajiye sai ya mutu a cikin fatarsa, ka shuka ka yi ta gadin ƙasa. Dole kowace shekara a shuka a cire sabo. Baba kuwa bai yarda da abu ɗaya ba. Cewa yake iri da ƙafa biyu yake tafiya, ɗaya a rataye a ɗaki, ɗaya a tsaye a ƙasa, in gara ta ci wannan a dogara da waccan. Don haka bayan na igiya, sai ya bar 'yan tushiya a raye su ƙetare bazara, yana kiransu iyaye. Duk wannan don ranar da za a ce hanya ta buɗe a koma gida, kada a koma a shuka tattasan wani gari a gonar ubansa.

Wurin da ya kama tsakanin zaure ne da katanga, bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Ya ce yashin gidanmu ba ƙasa ba ne, ya sa mijina ya ɗauko amalanke aka kawo masa laka daga bakin kogi. Ya ja fangali, ya kewaye da ƙaya, ya kafa zana ta yamma saboda rana. A gefe ya yafa yakuwa da alayyafo da 'yar kuɓewa, ya ce, "Wannan toshiyar bakin Madam ce." Madam yake ce mani in yana son tsokana, 'yar Damagaram in ya yi fushi, ɗiyata in yana son wani abu.

Wanda ya san bazarar Diffa ya san wannan aiki ba na masu hankali ba ne. Kogi ya janye ya bar yashi, manoma sun kwashe injinansu sun kai gida, ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana. Pompo sai ya ga dama yake kawo ruwa, in ya kawo ma kamar ana roƙonsa. A wannan lokacin ne surukina ya ga ya dace ya yi noman tattasai a tsakar gidana.

Sai ya kafa doka: ba mai yin alwala a gidan nan sai a garka. Ya ajiye kututture a bakin kowane fangali, shi kuma ya zauna a gindin katanga yana raba mutane kamar ɗan sandan hanya. "Kai, can, wannan ta sha. Ke, matsa gaba. Kada ka zubar a ganye, a gindi!" Ba baƙo ba ɗan gida. Wata rana shugabar makarantarmu ta kawo mani ziyara, mace mai ji da kanta, ta ɗauki buta ta nufi bayan ɗaki. Baba ya ɗaga murya daga inda yake, ya gaishe ta da Barbarci, "Wushe, Hajiya, ladanki biyu a nan!" Haka ta tattare leshinta ta tsugunna tsakanin yakuwa da tattasai, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Washegari a makaranta ba wanda bai ji ba.

Ruwan wankin shinkafa nasa ne, ruwan ɗaurayar kwano nasa ne, amma in da sabulu a ciki ka shiga uku. Ɗanɗanawa yake yi da yatsa. Dattijo mai furfura, yana lasar ruwan wanke-wanke a gaban mutane, in ka yi magana ya ce kai ne ba ka san darajar ruwa ba.

Babbar rigimarmu a kan bido ce. Wata bazara pompo ya ɗauke kwana da kwanaki. Na samu da ƙyar na cika bido ɗaya, wato jarkar ruwa, a gidan maƙwabta, na ɓoye bayan ƙofa don in yi wanka in tafi lakwal, makarantar da nake koyarwa. Da safe na ɗaga bido na ji shi sakayau. Na leƙa garka, ga gindin iyayen nan jiƙe sharkaf, ga Baba yana jan carbi kamar bai san komai ba. Ranar kunyar suruki ta gudu ta bar ni.

"Baba, ruwan wankana ne fa kuka zuba!"

"Na sani."

"To da mi zan tafi lakwal?"

"Ke in ba ki yi wanka yau ba, gobe kina nan. Su in ba su sha yau ba, gobe ba su nan."

"Ai sai ku je ku yi wa yaran bayani in sun toshe hanci."

"'Yar Damagaram, baki ke gare ki kamar reza."

Kwana biyu ban gaishe shi da kyau ba, shi ma ya yi kunnen uwar shegu. A rana ta uku na tarar da ƙullin yakuwa a ƙofar ɗakina, an tsinke an gyara. Iyakar ban haƙurinsa ke nan, kuma har yau ina ganin ni ke da gaskiya.

Da wan mijina kuwa, wanda muke kira Yaya, rigimar ta addini ce. Yaya mutum ne mai karatu, mai son komai ya tafi a kan layi. Ganinsa shi ne tsoho mai shekarun Baba ya kamata ya saki duniya ya kama carbi. Wata Juma'a bayan an sauko ya zauna a zaure ya fara nasiha cikin ladabi, wai Allah da ya fitar da su daga garin shi ya san ranar komawa, in ma akwai komawar, kuma riƙe 'yan itatuwa kamar rai ƙarancin tawakkali ne. Ina daga ciki ina jin su.

Baba ya bari ya gama, sannan ya ce, "Da damina kowa mai imani ne. Ka jefa ƙwaya, sama ta yi maka aiki, ka ce Allah na gode. Wannan ai ba wuya. Da bazara ake sanin wanda ya yarda akwai damina."

Yaya ya ce, "Baba, ai shi ya sa ake jira."

"Jira da hannu a hammata? Ni ban ce buta ce ke rayarwa ba. Na zuba wa wata ta mutu, na manta da wata ta rayu, na gani da idona. Amma aka ba ni abu amana, in an tambaye ni ina yake, in ce na bar wa Mai shi? Shi ya ba ni ajiya, sai in mayar masa da aikin?"

Yaya ya kawo hujja, Baba ya kawo tasa, har la'asar ba wanda ya kayar da wani. Da aka kira salla Yaya ya ɗauki buta, Baba ya nuna masa fangalin da zai tsugunna, ya kuwa tsugunna.

Amma kada a ɗauka duk maganarsa hikima ce. Akwai inda taurin kai ne zalla, kuma shi ya jawo mana wannan hali. 'Yan garinsu da ke Asaga sun sha zuwa roƙon iri. Wasu sun sami 'yan filaye aro kusa da ruwa. Baba ya hana. Wai za su shuka shi gefen na furoje, ƙudan zuma su gauraya su, a wayi gari an sami shege wanda ba nasu ba ba na kowa ba. "Sai mun koma," shi ne amsarsa kullum. Na ce masa, "Baba, ku raba ko kaɗan ne, ba a tara ƙwai a kwando ɗaya a ba tsoho ya ɗauka." Ya ce in je in koya wa yara baƙi da wasali in bar masa tattasai. 'Ya'yansa maza kuwa ba wanda ya koya wa komai. Mijina ma'aikacin ofis ne, bai san bambancin tattasai da yalo ba sai a miya. Ni da ban nema ba, ni aka ɗora wa sanin, don ni ke gida da yamma, ni ake kira riƙe zana da kawo toka.

Abin da ya fi ƙona mani rai a aikinsa shi ne tsinke fure. Duk wannan ruwa da ake ƙwace mana, da zarar tattasan ya fitar da ɗan farin furensa a bazara, sai Baba ya bi ya tsinke da farce ya yar. Na ce to mi ye amfanin wahalar? Bai ba ni amsa ba sai wata shekara, kuma ba don na sake tambaya ba.

Shekarar na yi ɓari, na biyu ke nan a jere. Ina kwance a ɗaki ba na son ganin kowa. Goggo ta zo dubiya, ta zauna a tsakar gida tana magana da Inna da muryar da ta san zan ji, wai wasu gonakin ko an zuba taki ba sa riƙe shuka. Baba yana garka. Ban taɓa jin ya yi wa ƙanwarsa tsawa ba sai ranar, da Barbarci ya yi, ban ji duka ba, amma na ji ta ɗauki mayafinta ta fita. Can da yamma ya tsaya a ƙofar ɗakina, abin da suruki ba ya yi, ya ce, "Ɗiyata, zo ki taya ni, idona ba ya gani sosai." Ƙarya yake, idonsa ya fi nawa. Na fito don kunya. Ya nuna mani furen ya ce in tsinke.

Muna cikin yi, sai ya ce, kamar da tattasan yake magana, "Wannan zafin, in ta ce za ta riƙe ɗa, ɗan ba zai zauna ba, ita ma ta tafi. Da bazara ba a neman ɗa wurin shuka. A bar ta da ranta kawai, shi ne aikin. Mutum ma akwai shekarun da ba a tambayarsa mi ya samu, in yana numfashi ya biya."

Na yi kuka a wurin har na jiƙa masa fangali, bai ce mani in yi shiru ba, bai kuma dube ni ba. Ya ci gaba da tsinke furensa. Ba wanda ya yi mani abin da ya kai wannan a duk rashin lafiyar, har mijina. Na so shi daga ranar, son da bai hana mu faɗa ba ko na mako ɗaya.

To ranar uku, da na fito daga madafa, na lallashi kaina da cewa ƙafa ɗaya ce ta karye. Iyayen suna nan a ƙasa. In suka kai damina za su yi 'ya'ya, a cire sabon iri. Ashe ana kukan targaɗe ne, karaya na tafe.

Liman ne ya fara, da kyakkyawar niyya. Tun ranar jana'iza ya sanar a rumfa cewa kowa ya san marigayi yana son a yi alwala a garkarsa, don haka a cika masa burinsa, ya zama sadaka mai gudana. Garkar kuwa ɓangaren maza take, ni ina ciki cikin mata, ban sani ba. Jama'a daga Geskeru, daga Asaga, daga unguwa, abokan aikin mijina, kowa da butarsa, salla biyar a rana. Yaya ma ya sa aka kawo ruwa a amalanke don kada a rasa. Ba wanda ya lura cewa Baba ba ruwa kawai yake sa a zuba ba, rabo yake yi, kuma sau da yawa korar mutum yake daga gindin da ya ƙoshi. Tattasai ba shinkafa ba ne. Ga laka ta bakin kogi mai riƙe ruwa kamar tukunya.

Da na samu na leƙa, fangalin ya zama taɓo, ganye ya yi rawaya ya langaɓe. Masu alwala kuma da suka ga ya langaɓe sai suka ce ƙishi ne, suka ƙara. Na ja mijina gefe.

"Don Allah ka hana su, za su kashe su."

"In hana mutane abin da liman ya ce? A makokin ubana?"

"Ubanka da yana nan da sanda zai kore su."

"Ki bari a yi bakwai. Ruwa ai ba ya kashe shuka."

Na dubi mutumin nan, jikan manoma, ɗan manomi, na rabu da shi. Na fasa bakin fangalin da hannuna don ruwan ya fita, wani dattijo ya biyo baya ya toshe, wai kada lada ya tsiyaye. Kafin a yi bakwai saiwar ta ruɓe. Na ciro ɗaya, ta fito ba gardama, baƙa, tana wari. Yakuwa da kuɓewa, toshiyar bakin Madam, su suka yi shar abinsu.

Abin da gudun hijira bai kashe ba, bazara bayan bazara ba ta kashe ba, masoyansa suka gama da shi a mako guda, rabi a ciki, rabi a taɓo. Kuma ba wanda zan riƙe. Kowa don Allah ya yi. Haushin sai ya koma kan Baba kansa. Ina share ɗakinsa ina yi masa faɗa a zuci: da kun raba wa mutanen Asaga, da kun koya wa ɗanku, da kun gaya wa ƙanwarku abin da ke igiyar. Kun bar ni ni kaɗai da sanin abin da aka rasa. Tsohuwar nan ta Asaga ta dawo ranar arba'in ta riƙe hannuna ta ce in an cire iri bana a tuna da ita, ko 'yar ƙwaya ce. Na ce mata to. Ban iya gaya mata da bakinta ta ci rabonta ba.

Bayan arba'in mijina ya fara maganar zuba siminti a wurin don ya riƙa ajiye babur. Ban hana ba. Na ce ko ba komai zan yi wanka da ruwana.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo. Wata safiya na zagaya bayan madafa da tsintsiya, inda aka tara toka da sharar makoki ba a kwashe ba. Sai na ga kore ya rufe gefen jujin, ƙanana, cunkus. Na ɗauka ciyawa ce, har na ɗaga tsintsiya. Na tsugunna na duba. Ganye biyu sirara masu tsini, wasu har da ɓawon ƙwayar a maƙale a kai kamar hula. Na sha ganinsu a fangalin Baba. Mu kuwa a gidan nan garin tattasai muke saya a kasuwa, ba a taɓa fasa ɗanye ko busasshe a bayan madafar nan ba sai ranar uku.

Na zauna a kan toka da zanen makaranta. Dariya ta zo, kuka ya zo, haushi ya fi su duka. Lakar kogi, zana, ƙaya, lasar ruwan wanke-wanke, bidona, ga shi ya fito a juji ba mai ko kallonsa. Na san abin da Yaya zai ce in ya gani, wai ga tawakkalin da yake faɗa. Na kuma san Baba zai tambaye shi wa ya ɗauko shi a ƙugu har Diffa. Su biyun sai su ƙarasa a can in an haɗu.

Na shiga ɗakin Inna, tana cikin takaba, zaune a tabarma da carbi. Na ce ta zo ta ga wani abu. Ta taso a hankali tana dafa bango. Ta tsaya a kan jujin ta duba.

"Goggonku ba ta daka tattasai da 'ya'yanshi," ta ce. "Wai ɗaci yake sa wa miya. Kakkaɓe ƙwayar take yi tun tana yarinya."

Ta sunkuya da ƙyar, ta ciri ɗaya, ta murza a yatsa ta kai hanci. Na jira ta yi kuka, ko ta tsine masa, ko ta juya ta koma ɗaki.

"Sun yi yawa wuri ɗaya, za su shaƙe juna," ta ce. "In sun yi ganye huɗu a raba. Rabi a kai Asaga, ko ya so ko bai so ba. Ki gaya wa mijinki ya nemi wani wuri ya ajiye babur ɗinshi." Ta juyo ta dube ni da jajayen idanu. "Ƙofa a buɗe take, awakin maƙwabta na hanya. Mi kike tsaye kina kallona? Ɗauko ƙaya."

Na ce, "Inna, ina da aji fa, na makara."

"Yaran suna nan har gobe."

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya yafe mana abin da muka ci. Ban ce na ɗauki wannan aiki ba, kuma ba wanda ya tambaye ni. Na dai ajiye jakata na tafi neman ƙayar.